Tudun Da Ba Shi Da Takarda

Bait Sawwana, 20 ga Satumba, 1983

Zuwa ga ɗana Sabri, a makarantar koyon likitanci, garin Yash, ƙasar Romaniya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan kana lafiya, kana ci kana ƙoshi.

Ga labarin mutanen gida. Mahaifinka yana nan kwance, ɓarin jikinsa na hagu bai dawo ba, amma bakinsa ya ɗan saki. Shekaranjiya ya zagi kazar da ta shigo masa ɗaki, kowa ya gane abin da ya ce, muka yi ta murna kamar an yi haihuwa. Kakarka Hajja Wadha lafiyarta lau in ban da gwiwa, harshenta kuwa ko zazzaɓi bai taɓa yi ba. Ƙanwarka Itaf tari ya kama ta, ya sake ta. Yayanka Radi na gano shi a kurkuku ranar ziyara. Ya rame, haƙori yana damunsa, ya ce in gaya maka ka yi maza ka zama likita kafin sauran su zube. Ni alhamdu lillahi, sai dai barci da ba na samu.

Wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Tun da Malama Suhaila ta koya mana baƙi a ajin mata, na ga babu dalilin in riƙa kai mata maganar gidanmu. Gara in yi da kaina ko da layin zai karkace.

Ga abin da ya hana ni barci. Ka san tudun mutanen Kafar Lauz da ke kallon namu. Watan jiya jami'in gwamnan soja ya ɗauki mai garinsu a mota, ya hau da shi, ya miƙa hannu ya ce daga can zuwa can ƙasar hukuma ce. Wai akwai doka: gonar da ba ta da takarda, in ta shekara uku garma ba ta shiga ba, ta fita daga hannun mai ita. Wai jirgi ke ɗaukar hoto daga sama, a ga inda aka huɗe da inda aka bari. Yanzu an kewaye tudun nasu da waya mai ƙaya, an kawo gidajen nan da ake ja da mota. Makon jiya kuma Itaf ta hau Tudun Ɓaure namu tsinkar ɓauren ƙarshen shekara, ta tarar da mutum biyu da abin awo mai ƙafa uku, soja yana tsaye a kansu.

Na zauna na tuna. Damina biyu ke nan ba mu huɗe tudun ba. Ta farko mahaifinka yana aikin gini a can ƙasar masu mulkin nan, ya ce aikin rana ya fi alkamar cikin duwatsu. Ta biyu ya faɗi. Wannan mai zuwa ita ce ta uku.

Na je wurin maƙwabcinmu Abu Hilmi in roƙi gayya. Ya ce, "Umm Radi, alfadarina naki ne, wuyana ma naki ne. Amma kin san al'ada, ba mai saka garma a gonar wani sai namijin gidan ya ja huɗar farko da hannunsa. In ni na buɗe ta, gobe jikokina su tashi su ce kakansu ya raya ta, zumunci ya ɓaci." Na ce, "Wane namijin, na kwance ko na ɗaure?" Ya sunkuyar da kai. Baffanka Talal kuwa ka sani, tun da yaƙin shekarar sittin da bakwai ya same shi a Kuwait ba a barin sa ya shigo.

Ba cewa na yi ka zo ba. Karatunka ya fi komai, kuma ƙasa ba ta da ƙafa, ba inda za ta. Na dai faɗa maka ne don ka sani. Ka riƙa sa rigar sanyi tun kafin sanyin ya kama ka. Ka amsa mini kafin Idin Lidda, sha shida ga Nuwamba, don ka san daga ranar mutanenmu ke ɗaura garma.

Mahaifiyarka,
Zahiyya

Yash, 12 ga Oktoba, 1983

Yumma,

Wa alaikumus salam. Ina sumbatar hannunki da na babana Yaba da na kakata Sitti. Ina lafiya, ina ci, ko da yake mutanen nan ba su san abin da ake kira man zaitun ba, kabeji ne safe da yamma. Ki ce wa Itaf ta daina yawo ba mayafi a sanyin asuba. In kin koma wurin Radi ki ce masa likitan haƙora daban ne, amma saboda shi zan koya.

Rubutunki na nuna wa duk wanda ke ɗakinmu. Na ce su duba, uwata ce, tana da shekara hamsin ta kama alƙalami. Layin bai karkace ba kamar yadda kike tsoro.

Da na karanta labarin tudu gabana ya faɗi, har na fara tunanin hanya. Sai na kai inda kika ce ba sai na zo ba, hankalina ya ɗan kwanta, don na san da abin ya kai wuya da kin faɗa. Babbar jarrabawa tana watan Janairu. Wanda ya bar aji kafin ita ya rasa shekarar, kuma a cire shi daga cikin waɗanda ake ɗaukar nauyinsu. Na sa wata takarda daban a cikin ambulan ɗin nan, na rubuta cewa ni ɗan gidan na ba Abu Hilmi izini ya buɗe gonar da sunanmu. Ki kai masa, ina ganin za ta isa.

Akwai abin da nake so ki tambayar mini Sitti. Abokin ɗakina Baturke ne, sunansa Nejdet, mutumin kirki amma ga gardama. Na ba shi labarin Kafar Lauz, na ce mu dai tun kakanni muna ƙarƙashin baƙo. Ya ce, "Kai Sabri, kun cika kuka. Na yanzu na yarda. Amma mu ba baƙi ba ne, daula ɗaya muke, alƙibla ɗaya. Turawan Ingila shekara talatin suka yi suka kama gabansu. Mutanen Jodan kuwa 'yan'uwanku ne na jini. Ina mulkin baƙon yake?" Na buɗe baki, na ga abin da na sani duk na littafi ne, shi ma yana da nasa littafin. Sitti ta ga dukkansu da idonta. Ki rubuto mini abin da ta ce, kada ki gyara mata ko kalma ɗaya.

Na ba wani ɗalibi mai zuwa Nablus safar ulu guda biyu, ɗaya ta Yaba, ɗaya taki. Kada ki ba kowa taki.

Ɗanki,
Sabri

Bait Sawwana, 5 ga Nuwamba, 1983

Ɗana Sabri,

Bayan sallama. Takardarka ta iso, safa ma ta iso, Allah ya yi maka albarka. Mahaifinka jiya ya zauna da kansa ya jingina da bango. Kakarka lafiya. Itaf hannunta ya yi baƙi da tsinkar zaitun, bana bishiyoyin bakin rijiya sun yi 'ya'ya. An hana ziyarar kurkuku wannan watan, ban ga Radi ba.

Na karanta wa kakarka tambayar abokinka muna zaune a tsakar gida muna tsince ganye daga zaitun. Ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ce, "Baturke ne? Ki ce ya dawo mana da alfadarinmu." Ta ce shekarar babban yaƙi, tana yarinya, sojojinsu suka zo suka ɗaure mazan garin da igiya ɗaya, har da wanta Mislih, suka haɗa da alfadarin gidan. Daga Mislih har alfadarin ba wanda ya dawo. A shekarun nan kuma fara ta sauka ta cinye har ɓawon itacen ɓaure. Ta ce ita da uwarta suna bin sawun dawakan soja, su tsince ƙwayar sha'ir daga cikin kashi, su wanke, su niƙa.

Itaf don tsokana ta ce, "Sitti, ai malaminmu ya ce su ba 'yan mulkin mallaka ba ne. Halifa ɗaya ne, har wakilanmu suna zama a majalisarsu."

Ta ce, "Wakilan wa, 'yar nema? 'Ya'yan manyan gidajen Nablus? Alƙibla ɗaya dai gaskiya ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Mai karɓar ushira a masallacinmu yake salla, ya shafa addu'a, sannan ya fito ya auna alkamarmu."

Turawan Ingila kuma ta ce sun zo da jajayen fuskoki suka ce amana aka ba su, su riƙe mu har mu yi hankali. Shekarar bore suka shigo neman bindiga ɗaya, suka tara maza a rana tun hantsi, suka shiga ɗakuna suna zuba mai a cikin gari, gishiri a cikin sukari. Gidan mahaifin Abu Hilmi suka tashe shi da nakiya, wai daga bayansa aka yi harbi. Ta ce, "Mai riƙon amana ya yi alkawarin gidan ga wani tun kafin ya shigo, da wuta ta kama ya ɗauki jakarsa."

Na ce, "To mutanen Jodan fa, Hajja?" Ta juya zaitun a hannu. Ta ce, "Waɗannan 'yan'uwa ne, harshe ɗaya, har surukai muna da su a can. Ba su zuba mini mai a gari ba. Amma makulli a Amman yake kwana." Daga nan ta ce in rubuta maka wannan daidai: "Tuta huɗu na ga an ɗaga a kan ofishin 'yan sandan bakin hanya. Ba wadda aka kawo mini in ɗinka, alhali duk garin nan ba wadda ta kai ni riƙon allura."

Sai ta faɗi abin da ni ma ban taɓa ji ba, dalilin da tudun ba shi da takarda. Ta ce surukinta ya ba ta labari, yana yaro magatakardan Turkawa ya zo rubuta gonaki. Mutane suka gane duk wanda aka rubuta masa ƙasa mai yawa, haraji zai bi shi, a kuma san yawan 'ya'yansa maza a kwashe su soja. Sai kakan kakanku Hamdan ya kai magatakarda bakin rijiya ya ce iyakar abinsa ke nan. Mutumin ya nuna tudu, Hamdan ya ce, "Wannan? Na dila ne da duwatsu, wa zai so shi?" Alkamarsa kuwa tana bayan duwatsun ta kai gwiwa. Da magatakarda ya tafi ya yanka bunsuru, gari ya ci, aka yi ta yaba wayonsa. Masu awon Ingila ba su hawo tsaunuka ba. Masu awon Jodan ni da kaina na kai musu shayi, sun kafa tanti a bakin rijiya, suka ce bayan girbi sai tudu. Ana cikin girbin yaƙin sittin da bakwai ya zo, suka bar tantin a kafe. Lauyan da mutanen Kafar Lauz suka ɗauka ya ce dokar shekara ukun nan ma ta Turkawa ce. Ingila ta gada ta ajiye, Jodan ta ajiye, waɗannan suka ciro ta suka kaɗe mata ƙura. Mahaifinka yana ji daga ɗaki, da na shiga na tarar matashinsa ya jiƙe.

Na kai wa Abu Hilmi takardar izininka. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce, "Umm Radi, takarda ba ta riƙe garma. Mutane abin da idonsu ya gani suke shaida."

Sabri, ban saba magana a takarda ba. Da a gabana kake lokacin da na ce ba sai ka zo ba, da ka ga fuskata ka gane. Uwa ba ta buɗe baki ta ce wa ɗanta ya bar karatu. Yau na ajiye kunya. Ka zo. Ka roƙi malamanka ko mako ɗaya ne, ka ja huɗar farko, sauran gayya za ta yi. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. In kwana arba'in ɗin tsananin sanyi suka shiga, iri ruɓewa yake a ƙasa. Ka amsa mini kafin ƙarshen watan nan.

Mahaifiyarka,
Zahiyya

Bait Sawwana, 28 ga Disamba, 1983

Ɗana Sabri,

Bayan sallama. Mahaifinka mura ta kama shi, da sauƙi. Kakarka ba ta fita daga gindin murhu. Itaf tafin hannunta ya fashe, ina shafa mata mai. Radi na gan shi, an cire haƙorin. Ni bayana ke ciwo, za ka ji dalili.

Kai ne ban san ko kana cikin masu lafiya ba. Kullum bayan la'asar ina zuwa kantin da ake ajiye wasiƙu, har mai kantin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ba ka da lafiya ne? Ko fushi ka yi don na ce ka bar karatu? Wani lokaci in ce kana hanya, in ji mota ta tsaya in fita da gudu ba takalmi. In maganata ta yi maka nauyi ka yafe mini, amma kada ka yi mini shiru.

Da na ga Idin Lidda ya wuce, wata ya mutu, sanyi yana ƙaratowa, sai na shiga ɗakin ajiya na jawo garmar mahaifinka. Na kai ta ƙofar ɗakinsa, yana nuna mini da hannunsa mai lafiya yadda ake ɗaura igiya, ina kuskurewa yana buga tabarma. Na ari jakin Umm Fayiz, matar marigayi mai gyaran takalma. Da asuba ni da Itaf muka fita. Dole muka bi ta inda maza ke jiran motar zuwa aikin gini. Sai ɗan gidan mahauci ya ce, "Umm Radi, in kin gama huɗar ki zo ki gyara mana gemu!" Na ce, "Ku fara nemo gemun tukuna." Aka yi dariya, amma ba wanda ya ɗago ido ya kalle ni.

Ban san garma na da nauyi haka ba. Jakin yana ja gabas, ni ina faɗuwa yamma, Itaf tana gaba tana roƙonsa kamar surukinta. Kafin azahar mun ja layi huɗu, ko maciji ya fi su miƙewa. Sai ga Abu Hilmi da alfadarinsa, ya tsaya a kan iyaka yana kallo, yana ta murza gashin baki. Ya ce, "Wallahi haramun ne in tsaya ina kallon wannan. Amma al'ada..." Itaf ta ce, "Baffa, huɗar farko ai an ja ta. Ko hannun Yumma ba na gidan ba ne?" Ya dubi layin nan, ya dube ni, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ka shaida, duwatsu ku shaida, ba ni na buɗe ta ba." Ya shigo.

Ya yi mana yini biyu. A na uku motar soja ta hawo. Wani yaro da bai kai ka ba ya tambayi takardar gonar. Na nuna masa garma. Ya karɓi katin shaidar Abu Hilmi, ya ce ya je ofis ya karɓa. A can aka zaunar da shi tun safe har magariba, aka tuna masa 'ya'yansa uku da izinin hukuma suke zuwa aiki. Bai sake hawowa ba. Ya aiko matarsa da buhun iri, ita ma ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ban ga laifinsa ba, baki goma sha yake ciyarwa.

Muka ci gaba da jaki har bakin garmar ya daki dutse ya karye. Kafin maƙeri ya gyara, ruwa ya kece bai ɗauke ba, sanyin ya shiga. Abin da muka huɗe bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, daga tsohon ɓaure zuwa kangon makiyaya. Na watsa alkama da hannuna yadda na ga mahaifinka yana yi. Ko jirgin ya gani, ko bai gani ba, Allah ya sani.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san kana numfashi.

Mahaifiyarka,
Zahiyya

Yash, 30 ga Janairu, 1984

Yumma,

Ina lafiya, ban yi ciwo ba, ban yi fushi ba. Wasiƙunki biyu yau suka iso tare, ta Nuwamba da ta Disamba, an buɗe su an sake mannewa. Wata uku ana riƙe da maganarki a wani ɗaki, ni ina nan ina murna shirunki alamar Abu Hilmi ya karɓi takardata ne. Na gama jarrabawa makon jiya, na ci, har na yi shirin rubuto miki albishir.

Na karanta inda kika ce in zo, na duba kwanan wata, na ga lokacin ya riga ya wuce. Ni na koyi garma a bayan Yaba, na san yadda take fizgar kafaɗa. Ke kika riƙe ta, ina zaune kusa da murhu ina haddace sunayen ƙasusuwa. Tun wasiƙar farko ya kamata in gane. Na san muryarki, na zaɓi in ji abin da ya yi mini daɗi.

Na karanta wa Nejdet maganar Sitti. Ya yi dariya a kan alfadari, da aka zo kan sha'ir ya daina. Ya ce kakarsa ma ta ba shi irin labarin nan, na ƙauyensu, su ma an kwashe mazansu da igiya. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Zan zo. Sai na sami takardar fita daga makaranta da izinin bi ta Jodan, an ce zai kai farkon Afrilu. Lokacin huɗar bazara bai wuce ba, zan huɗe sauran tudun mu zuba riɗi. Ba zan ɓoye miki ba, Mazin ɗan Kafar Lauz ya je hutu bara, da ya zo dawowa aka mayar da shi daga gadar kan iyakar Jodan saboda ɗan'uwansa yana ɗaure, har yau yana gida. Na san abin da ya same shi zai iya samuna saboda Radi. Ko da haka ne zan zo. Ki ce wa maƙeri ya gyara garmar.

Ɗanki,
Sabri

Bait Sawwana, 2 ga Maris, 1984

Ɗana Sabri,

Bayan sallama. Na ga rubutunka na yi sujada a tsakar kantin, mutane suna kallo. Allah ya sa albarka a jarrabawar da ka ci. Mahaifinka yana nan. Kakarka tana nan, ta rage magana. Itaf lafiya. Radi lafiya, ban gaya masa komai ba tukuna.

Sabri, tudun ya tafi. Tsakiyar watan jiya jami'in ya zo ya ɗauki mai garinmu, ya hau da shi, ya miƙa hannu. Hannun ya bi ta kan gonarmu, da ta Abu Hilmi, da ta gidaje shida. Muka haɗu muka je wurin lauya a Nablus, ya shigar mana da ƙara a gaban kwamitinsu. Mutum ne mai gaskiya, bai yaudare ni ba. Ya ce, "Hajja, ba ku da takarda. Hotonsu ya nuna shekara biyu ba huɗa, bana kuma abin da aka huɗe bai kai rabi ba, su kuwa sun ce sai ya wuce rabi." Na ce, "Da ɗana ya zo an huɗe duka fa?" Ya ce, "Da muna da abin faɗa. Ko za su ji, wannan ban sani ba." Ba su ma jira kwamitin ba. Yau kwana kaɗan ke nan da aka ja waya mai ƙaya tun daga tsohon ɓaure har bayan kangon makiyaya. Babu inda za ka zuba riɗi.

Saboda haka ka zauna inda kake. Wannan umarni ne, kuma da yawun mahaifinka ko da bai san dalili ba. Ɗa ɗaya yana hannunsu, tudu yana hannunsu, ba zan miƙa musu karatunka da kaina ba. Kada ka ɗora wa kanka laifi. Wanda ya riƙe wasiƙata wata uku ya san abin da ya riƙe.

Ba mu gaya wa mahaifinka ba. Kakarka ta ce a bari, abin da ya rage na jikinsa kada ya bi tudun. Ina hawa soro shanya in hango alkamar a bayan waya. Ta fito, Sabri. Ƙasar da ta huta shekara biyu, ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, har layukan nan namu huɗu ana gane su. Ba wanda ke ciki da ya san ranar da za ta isa yanka. In na sauko, mahaifinka ya tambaye ni da bakinsa mai nauyi, "Tudu fa?" In ce masa, "Ya yi kore shar." Sai ya rufe ido yana murmushi, ni kuma in fita in tsaya a bayan tanda har fuskata ta bushe.

Wannan wasiƙa ba ta gidan waya zan aika ta ba. Umm Fayiz za ta haye Amman gobe wurin 'yarta, ta ɗinke ta a cikin haɓar rigarta, daga can za a saka maka. Da ta same ka ka bugo telgiram zuwa kanti, kalma biyu ta isa: na zauna. Ina jira har ranar ashirin da biyar ga watan nan. In ranar ta wuce ban ji ba, zan bar mahaifinka a hannun Itaf, in nemi izini in haye gada, in zauna a wancan bakin inda motocin Amman ke sauke mutane. Duk ranar da ka sauko, ni za ka fara tararwa, kuma da hannun nan da ya riƙe garma zan juya ka.

Mahaifiyarka,
Zahiyya